Zaune ko Kife

A gidanmu gardama ba ta yin tsawo, saboda akwai sakaina. Guntun wata tsohuwar ƙwarya ce, ba ta kai tafin hannun babban mutum ba, ta yi baƙi ta yi sulɓi don yawan shan hannu. Kakanmu ne ya bar ta. Shi har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa taka coci ba. Baba kuwa ya shiga har ya zama dattijon ikilisiya, ya watsar da abubuwa da yawa na mutanen da, amma sakainar nan bai yar ba. Cewa yake ita ba tsafi ba ce, alƙali ce marar dangi. In abu ɗaya ne mutum biyu ke so, ko aiki ɗaya ne mutum biyu ke gudu, sai ya zaro ta daga jinkar ɗakinsa ya cilla sama. In ta faɗo bakinta yana kallon sama, an ce ta zauna. In ta faɗo baki a ƙasa, ta kife. Dokokinta biyu ne kawai: babba ne ke fara zaɓa, kuma ba a jefa ta sau biyu a kan magana ɗaya.

Mu biyu ne maza a gidan, ni da Yayana, ni ne auta. 'Yan'uwanmu mata ba ruwansu da sakaina, su da muciya Inna ke raba musu faɗa. Mu kuwa ba abin da ba a jefa mana ita a kai ba. Ƙanzon tukunya, ƙundun kaza ranar Kirsimeti, wanda zai bi Baba kasuwar Shanono, wanda zai tashi da sanyin safiya korar tsuntsaye a gonar gero. Baba na ɗaga hannu, Yaya zai ce, "Kife nawa." Kullum haka, kamar an ɗaura masa kalmar a baki. Ni kuma sai in riƙe zaune, tunda shi ya rage.

Kuma ina ci. Kai, ina ci ƙwarai. Ni yaro ne ɗan tsamurmuri, damina ba ta wucewa zazzaɓi bai kayar da ni ba, Inna har cewa take in iska ta taso a riƙe mata autanta kada ta tafi da shi. Amma abin da na rasa a jiki na same shi a baki. In sakaina ta zauna sai in hau rawa ina zagaya Yaya, ina ce masa sa'arsa ta kife tun yana ciki, ya canza zaɓi mana ko Allah ya dube shi. Sai ya ɗauki gwangwaninsa na korar tsuntsu ya bi raɓa ya tafi, ni in koma in ja bargo. Jefi-jefi takan kife, ya ci. Ranar kuwa ba tausayi. Zama yake a gabana ya tauna ƙundun nan a hankali yana lumshe ido, ko ɗanɗane ba ya ba ni. In na je wa Baba da kuka sai ya ce wanda ya ci ya ci, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Haka muka girma. Ni boko ya ɗauke ni, na zama malamin lissafi a wata ƙaramar sakandare can gefen Tofa. Yaya ya tsaya gida a bakin fartanya. Da Baba ya rasu ba a raba gandu ba, Yaya ya ci gaba da noma shi duka, in an yi girbi ya aiko mini da nawa buhunan. Gonaki biyu ne. Akwai ta tudu, babba ce amma jigawa ce da ta gaji, ba ta ba ka sai ka ba ta taki. Akwai kuma 'yar fadama a bakin ƙorama, ƙarama, ruwa a kusa, inda ake tumatir da albasa da attaruhu da rani. Fadamar nan ita ke riƙe Yaya a gida. In ba don ita ba, da an gama girbi sai ya bi sa'o'insa cin rani, dakon buhu a kasuwar Dawanau. Ya taɓa yin haka shekara biyu tun yana saurayi, ya dawo da ciwon baya da har yau in ya sunkuya sai ya dafa gwiwa zai miƙe. Ga shi yara sun cika masa gida.

To, a cikin darussan da nake koyarwa akwai lissafin yiwuwa. Ina son darasin, don ranarsa yara ba sa gyangyaɗi. Hanya biyu ce. Ta farko a ka ake yin ta, ba sai ka jefa komai ba. Kwabo fuska biyu gare shi, don haka yiwuwar ya faɗi a kan ɗaya daga ciki ita ce ɗaya cikin biyu. Ɗan ludo fuska shida, yiwuwar ya nuna shida ita ce ɗaya cikin shida. Ka ƙirga abin da kake so ya fito, ka ƙirga duk abin da zai iya fitowa, ka aza wannan a kan wancan, shi ke nan. Ta biyu ita ce ta gwaji. Ka jefa, ka sake jefawa, ka yi ta jefawa, kana ƙirga abin da ya fito. In ka jefa kaɗan zai ruɗe ka, don kwabo na iya faɗuwa fuska ɗaya sau huɗu a jere bai yi laifin komai ba. Amma in jifa ya yi yawa, sai ka ga abin da gwaji ya ba ka yana matsowa kusa da abin da ka lissafa a ka.

Matsalar ita ce kwabon. Yaran yanzu ba su san shi ba. Wata shekara ina tsaka da bayani wani ya ɗaga hannu ya tambaye ni wai mene ne kwabo. Da na je gida ƙarshen mako, ina zaune ɗakin Inna sai na hango sakainar a cikin kwanonta na ajiya. Na ce ta ara mini. Ta ce in ɓatar da ita in gani.

Ranar darasi na ɗaga ta a gaban aji ina ta cika baki. Na ce ga kwabon gidanmu, fuska biyu gare ta, zaune da kife, saboda haka rabi da rabi ne, in muka jefa sau ɗari za mu samu hamsin-hamsin ko kusa da haka. Muka ture kujeru, yara suka yi layi kowa na jefawa, wata yarinya na jan layi a allo. Goman farko zaune ta yi rinjaye, na ce kada su damu, jifa bai yi yawa ba tukuna. Muka kai hamsin, zaune na gaba. Muka cika ɗari, zaune ta haura saba'in da kaɗan, kife bai kai talatin ba. Na ce katari ne. Na shiga ɗaya ajin muka sake. Na sa aka jefa a kan siminti, aka jefa a kan rairayi a waje, dogo ya jefa, gajere ya jefa. Duk inda aka juya, abin yana nan yadda yake, wajen bakwai cikin goma zama take.

Yarinyar da ke jan layi ce ta kashe maganar. Ta ce, "Malam, ai ƙwarya ce. Ko ta fashe, zama ta sani."

Na juya sakainar a hannuna. Gaskiyarta, gindin ya fi baki kauri da nauyi, in ta taso daga sama shi ke fara neman ƙasa. Na ji daɗi a matsayina na malami, don darasin ya fi wanda na shirya kyau. Na ce musu su riƙe wannan: ƙirga fuska ba ya isa sai in fuskokin daidai suke. In abu ya karkata, lissafin ka ba zai gaya maka ba, sai gwaji. Gani ya kori ji.

Sai a hanyar komawa gida, ina kan babur, muryar Yaya ta faɗo mini. Kife nawa. Na gangara gefen hanya na kashe babur a gindin wata ɗorawa, na zauna. Shekara da shekaru shi ke fara zaɓa, kuma kullum ɓangaren da ke faɗuwa yake ɗauka. Mutumin da ke shaƙar iska ya ce maka yau za a yi ruwa, a ce bai lura da yadda sakaina ke faɗuwa ba? Na tuna safiyoyin nan da yake bin raɓa ni ina cikin bargo ina masa dariya. Raina ya sosu, ƙaunarsa ta cika mini ƙirji. Amma ban tambaye shi ba. Mu ba ma irin wannan maganar a gidanmu. Na mayar wa Inna sakainarta.

Bayan shekara biyu ko uku, Baffa, ƙanen Baba, wanda shi ya rage mana babba, ya kira mu bayan girbi. Ya ce yara na tasowa, shi kuma yana jin jikinsa, yana so a raba gandun nan idonsa na gani, kada a bar wa na baya rigima. Gonaki biyu, maza biyu, magana ba ta da wuya. Ranar Asabar za a yi.

Tun kafin ranar na sami Yaya a bakin rumbu yana gyaran jinka. Na ce masa ba sai an tara mutane ba, ya ɗauki fadama, ni ta tudu ta ishe ni, ina da albashi, kuma ban san kan albasa ba. Bai ko ɗago ba. Ya ce shi bai zo bara ba, kuma ba za a ce a garin nan ƙanensa ya ciyar da shi da gadon ubansu ba. Yadda Baba ya raba mana ƙanzo, haka za a raba mana gona. Na yi magiya, na yi faɗa, don ni ba ni da dogon haƙuri, har na ce masa taurin kai ba ibada ba ne. Ya ce in miƙo masa igiya.

Sai na koma lissafina, tunda shi na iya. In aka bi al'ada, Yaya zai fara zaɓa, kuma na san abin da zai ce. Uku cikin goma ke nan gare shi. In na ce a bar sakaina a ja tsinke biyu, dogo da gajere, ya zama rabi da rabi, biyar cikin goma, amma sai an tambaye ni dalili, in na faɗa kuwa na tona abin da ya ɓoye tun muna yara. In kuma na riga shi ɗaukar kife, dole ya riƙe zaune, ya zama bakwai cikin goma. Goma cikin goma na so, ya hana ni. Bakwai ita ce mafi yawan abin da zan iya samar masa. Abu ɗaya ne a gabana, in yi rashin kunya a gaban Baffa.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Baffa ya zauna, ga dattawa biyu na unguwa don shaida, Inna na tsaye bakin zaure da matar Yaya. Aka yi addu'a. Baffa ya maimaita dokokin kamar ba mu sani ba, ya ce wanda sakaina ta ba shi ke da fadama, ɗayan ta tudu. Ya karɓe ta daga hannun Inna, ya hure ƙura, ya juya wajen Yaya. Na ga Yaya ya buɗe baki.

"Kife nawa," na ce.

Baffa ya dube ni kamar akuya ta shigo masa ɗaki. Ya ce tun yaushe ƙarami ke riga babba, ko bokon ne ya koya mini haka. Na sunkuyar da kai, amma ban janye ba. Na ce a yi mini haƙuri, tun muna yara shi ke zaɓa, yau ɗaya a bar ni in ɗanɗana. Yaya ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake wa sama in yana neman hadari. Can ya ce, "Bar shi, Baffa. Auta ya girma."

Baffa ya yi tsaki ya cilla. Ta juya a sama, ta bugi ƙasa, ta yi tsalle ɗaya, ta kife.

Ban taɓa jin baƙin cikin cin nasara ba sai ranar. Ni da na tsaya gaban yara ina gaya musu bakwai cikin goma ba goma cikin goma ba ne, sai ga shi ina kallon guntun ƙwarya kamar ta ci amanata. Ba ta yi laifin komai ba. A cikin kowane jifa goma akwai wajen uku da take kifewa, kuma ba ta san wanne ne na ƙanzo wanne ne na gona ba. Na ce a sake, wai hannun Baffa ya goce. Baffa ya ce in kiyaye shi, yau rashin kunyata ta isa. Ya sanar da shaidu fadama ta auta ce. Na ga matar Yaya ta juya ta shige gida. Inna kuwa ta zo ta ɗauki sakainarta ta ƙulle a gefen zane.

Da yamma Yaya ya ce in zo ya nuna mini iyakar gonata, kamar ban san ta ba. Muka gangara fadama, shi a gaba ni a baya. Ya riga ya yi renon albasa, ga ta nan kore shar a bakin rijiya. Ya nuna mini inda ruwa ke kwanciya, da inda gara ke damun shuka. Sannan ya tsuguna yana cire ciyawa, bai dube ni ba ya ce, "Yaushe ka gane?"

Na ba shi labarin ajin, da layin yara, da jifa ɗari. Ya yi dariya har ya dafa baya. Ya tambaye ni to nawa ya fito, na ce bakwai cikin goma zaune, uku kife.

"Ashe ina da uku," in ji shi. "Ni ban san yawansu ba. Na dai ga tana son zama, kai kuma sanyin safiya na kayar da kai."

Na ce to tunda ya san abin da na yi niyya, ya karɓi gonar, mu bar wahalar da juna. Ya girgiza kai. Ya tuna mini ƙundun kaza. Ya ce duk ranar da ta kife ya ci, ya taɓa ba ni ko ɗanɗane? Na ce bai taɓa ba. Ya ce to dalili ke nan. In da yana mayar mini da abin da ya ci, da na gane tun ina yaro, da kuma ƙanzon bai yi mini daɗi ba. Wanda ya riƙe kife, in ta kife, sai ya ci abinsa. Na ce ni ban iya ci ba. Na ce masa in ya koma dako a Dawanau da wannan bayan, ni ba zan iya haɗiye ko albasa ɗaya daga gonar nan ba, gara ta zama saura awaki su yi kiwo.

Ya daɗe yana murza ƙasa a hannu. Daga baya ya ce aro ba bara ba ne. In mai gona ya ba shi aro, zai noma. Amma kada in sake in ce tasa ce, ko a gabansa ko a bayansa.

A haka muke har yau. Bai je Dawanau ba sai dai kai wake. Shi ke noman fadama, ya sayi ɗan injin ban ruwa, 'ya'yansa ke ci suna makaranta. Amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce gonar auta ce. Kuma duk shekara kwandon tumatir na farko ba ya zuwa kasuwa. Ɗaure shi yake a bayan babur ya taho tun daga gida har ƙofata, ya sauke yana dafe da gwiwa, ya ce ga na mai gona. Na yi faɗa har na gaji. Maiɗakina ta ce in bar shi, ta nan yake samun sukunin cin sauran.

Inna ta rasu, sakainar tana wurina yanzu. Duk shekara ina kai ta aji, yara su jefa, bakwai cikin goman nan ta fito. Akwai wanda ke tambaya, to Malam in mutum ya san haka ai kullum zaune zai ɗauka. Ina ce masa ya danganta da wanda ke tsaye a ɗaya gefen.

Bara da ya kawo kwandon, muna zaune a inuwa yana shan ruwa, na ce masa na riga na gaya wa 'ya'yana, in ta Allah ta kasance a kaina, fadama ta 'ya'yansa ce. Ya ajiye kofin ya ce wannan ba maganata ba ce, in lokacin ya yi a jefa musu sakaina. Na ce to na koya wa nawa su riga nasa cewa kife.

Ya kalle ni ya yi murmushi. "Ka dai ga inda kife ya kai ka."

Ya miƙe a hankali, ya ce a juye masa tumatir a ba shi kwandonsa, yana so ya isa gida kafin rana ta faɗi, akwai ban ruwa a gonar auta.